Zauren Masu Karatu: Sauyin tsarin rumbun bayanai ya tafi daidai a kwamfutata, ya maƙale a ta shagon magani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a Garwa. Na yi wa wani shagon magani manhajar lissafin kaya da Python, ina kuma amfani da Alembic wajen sauya tsarin rumbun bayanai. A kwamfutata manhajar rumbun bayanai ta SQLite nake aiki da ita, a shagon kuwa wata ce dabam, MySQL. Kwanan nan na rubuta sauyi mai mataki biyu: ƙara gurbin lambar waya iri TEXT, wato na rubutu, a jadawalin masu saye, sannan a ɗora masa fihirisar da za ta hana maimaita lamba. A wurina ya tafi lafiya lau, a shagon kuma ya tsaya a mataki na biyu. Da na sake gwadawa, sai ya ce gurbin yana nan tun da farko. Ga shi wani shago a Marwa yana son manhajar, amma a kan PostgreSQL. Ina mafita?
Daga wani mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsala biyu ce ta haɗu maka wuri ɗaya, kuma ta biyun ta fi ta farkon haɗari.

Ta farko mai sauƙi ce. MySQL ba ya yarda a ɗora fihirisa a kan gurbi iri TEXT sai an faɗa masa adadin haruffan farko da zai duba, alhali SQLite da PostgreSQL ba su gindaya wannan sharaɗi ba. Mayar da gurbin VARCHAR(20), wato na rubutun da bai wuce haruffa 20 ba, ka huta. Lambar Kamaru alƙaluma 9 ce, ta Chadi 8, ko an haɗa da +237 ko +235 ba za ta cika gurbin ba. Kada dai ka mayar da ita gurbin lissafi, domin alamar tarawa da ke gaba za ta ɓace.

Ta biyun ita ce abin da ya faru bayan kuskuren. PostgreSQL yana iya dunƙule sauye-sauyen tsari cikin aiki guda, wanda ko dai ya kammala gaba ɗaya ko kuma a warware shi gaba ɗaya, rumbu ya koma yadda yake tamkar ba a taɓa shi ba. MySQL kuwa yana tabbatar da kowane umarnin ALTER TABLE ko CREATE INDEX nan take, ba ya jiran na gaba. Sigar 8.0 da ta fito a 2018 ta gyara wani ɓangare, ta yadda umarni guda ba ya tsayawa a tsakiya, amma har yanzu ba ta warware umarnin farko don na biyu ya gaza. Shi ya sa gurbinka ya zauna daram, Alembic kuma bai rubuta a jadawalinsa na alembic_version cewa sauyin ya kammala ba, sai rumbu ya kasance a wani hali da babu shi a cikin fayilolinka. Abin yi yanzu shi ne ka ɗauki kwafin ajiya da mysqldump, ka duba ainihin halin jadawalin da SHOW CREATE TABLE, ka cire gurbin da hannu muddin ba a zuba komai a cikinsa ba, sannan ka gudanar da gyararren sauyin. Daga yau kuma, duk sauyin da zai hau MySQL ka sa shi mataki ɗaya a fayil ɗaya. A garuruwanmu, inda wuta kan ɗauke ba sallama, wannan ƙa'ida ta wuce batun tsabtar aiki, domin kwamfuta tana iya mutuwa tsakanin umarni da umarni ko da babu kuskure ko ɗaya a rubutunka.

Ya kamata a fahimci tushen lamarin. An tsayar wa SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ma'auni tun 1986, amma kowane rumbu da nasa karin, kamar yadda Hausar Garwa da ta Sakkwato suke harshe ɗaya ba tare da kowace jimla ta zo iri ɗaya ba. Lambar da ke ƙaruwa da kanta AUTO_INCREMENT ce a MySQL, a PostgreSQL kuwa SERIAL ce ko IDENTITY, wadda ta shigo da siga ta 10 a 2017. PostgreSQL yana da gurbin i ko a'a na gaske, MySQL yana mayar da shi ƙaramin gurbin lamba, TINYINT(1), SQLite kuma 0 da 1 kawai yake ajiyewa. Irin wannan bambancin lafazi Alembic da SQLAlchemy, kayan aikin Python da aka gina Alembic a kansa, suna ɗauke maka shi, da sharaɗin ka rubuta sauyin da umarninsu, kamar op.add_column, ka guji zuba SQL tsagwaronsa. Inda ya zama dole, ka tambayi sunan rumbun ta op.get_context().dialect.name, ka ware wa kowanne nasa reshe a fili.

Sai dai abin da waɗannan kayan aiki ba za su iya ɗauke maka ba shi ne bambancin hali, kuma a nan ne nake ganin matasanmu da yawa suna dogara da su fiye da kima. SQLite mai sassauci ne ƙwarai: ka rubuta VARCHAR(20), ka zuba masa haruffa 200, zai karɓa bai ce uffan ba, haka kuma ba ya kula da alaƙar jadawali da jadawali sai an kunna masa PRAGMA foreign_keys. Ta wani gefen kuma yana da ƙunci, domin sai a 2018 ya samu damar sauya sunan gurbi, cire gurbi kuma sai a 2021 da siga ta 3.35, sauya irin gurbi kuwa yana bukatar a gina sabon jadawali, a kwashe bayanai, a rushe tsohon, wanda shi ne aikin batch_alter_table a Alembic. Saboda haka nasarar gwaji a SQLite ba hujja ba ce a kan MySQL. SQLite rumbu ne nagari a muhallinsa, wayoyin da ke aljihunmu ma da shi suke aiki, amma bai dace ya zama wurin gwajin abin da zai hau wani rumbu dabam ba.

Shawarata a kan shagon Marwa ita ce ka girka MySQL da PostgreSQL a kwamfutarka, daidai da sigar da kowane shago yake da ita, ko kai tsaye ko ta Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe. Na san kuɗin data ba wasa ba ne, amma sauke su sau ɗaya ya fi arha a kan kuɗin mota zuwa Marwa da yinin da shago zai yi ba ciniki. Kowane sauyi ka gwada shi a kan kwafin bayanan gaske, bayan ka ɓoye sunayen mutane, domin rumbu fanko ba zai nuna maka cewa mutum biyu sun ba da lambar waya ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya kayar da fihirisarka a kowane rumbu. Kafin ka taɓa na shago, ka fitar da rubutun SQL na sauyin ta hanyar umarnin alembic upgrade head --sql, ka karanta shi layi-layi. In kuwa da hali ka shawo kan shagunan su tsaya a kan rumbu iri ɗaya, to wannan ya fi, domin mutum ɗaya da ke kula da kari biyu yana ninka wa kansa gwaji a kowane sauyi har ƙarshen rayuwar manhajar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mun kwashe rajistar ɗalibai zuwa MySQL, sai sunaye masu ɗ da ƙ da ɓ suka koma alamar tambaya, amma haruffan Faransanci irin é suna nan lafiya. Mene ne dalili?
Daga wata mai karatu, Njamena.

AMSA: Barka kadai, Malama. Alamu sun nuna jadawalinku yana kan tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne zaɓin asali na MySQL kafin siga ta 8.0. Wannan tsari ya ƙunshi haruffan Yammacin Turai, shi ya sa é ta tsira, amma babu haruffa masu ƙugiya na Hausa da Fulatanci a cikinsa, don haka rumbun ko dai ya ƙi karɓarsu ko ya maye gurbinsu da alamar tambaya, gwargwadon yadda aka saita shi. Ku ɗauki kwafin ajiya, ku juya jadawalin zuwa utf8mb4, tsarin da ya ƙunshi haruffa masu ƙugiya, da umarnin CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4, ku kuma tabbatar hanyar da manhajar ke bi ta yi magana da rumbun ita ma tana kan utf8mb4. Sunayen da suka riga suka lalace juyawar ba za ta dawo da su ba, sai kun sake kwaso su daga tsohon rumbu ko daga takardun rajista.