Ga ƙanena mai shirin zuwa Santambul: ba zan zo filin jirgi ba

Saƙonka ya iso, ƙanena. Ka ce za ka zo Santambul na mako biyu ka duba jami'ar da kake son shiga, ka kuma sari 'yan kaya a Laleli, kana tambaya ko Yaya zai zo tarbarka a filin jirgi ko kuwa ka hau tasi. Bana kai ne na huɗu da ya yi mini wannan tambayar.

Ba zan zo ba, kuma ba rowa ba ce. Garin nan ruwa ya raba shi biyu, mashigin Bosforus a tsakiya, rabi a Turai rabi a Asiya, mutum fiye da miliyan 15. Ni ina Uskudar, ɓangaren Asiya. Babban filin jirgin da aka koma a 2019 yana can arewa a ɓangaren Turai, wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari. In na ce zan je in dawo, wunina ya tafi. Ka ma duba tikitinka da kyau, don filayen biyu ne, ɗayan Sabiha Gokcen, shi ne a namu ɓangaren. Na taɓa yin awa biyu ina jiran wani ɗan'uwa a wannan alhali yana wancan, ya ƙare shi ne ma mai fushi.

Tasi kuwa, ka kiyaye. A makona na farko na hau wata daga Taksim zuwa Aksaray. Da muka isa na miƙa wa direba takardar lira 50, na sunkuya ɗaukar jaka, ina ɗagowa sai ga shi yana kaɗa mini takardar lira 5, wai ita na ba shi. Ba ni da Turkanci ko na barka da asuba, bayanmu motoci sai ham suke yi, shi kuma yana ta ɗaga murya. Na sake biya. Ba kuɗin ne suka dame ni ba, yadda ya dube ni ne, kamar ya san ba abin da zan iya. Shekara shida ke nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. In ta kama dole, ka kira ta manhajar BiTaksi, ka ga ya kunna mita, ka faɗi adadin kuɗin da baki kafin ka saki takardar.

Kana sauka ka sayi Istanbulkart a na'ura ka zuba masa kuɗi. Katin nan ɗaya shi ne bas, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne tiram (jirgin ƙasa mai bin kan titi), shi ne jirgin ruwa. Daga babban filin jirgin akwai layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 da bas-bas na Havaist. Harkarka ta Laleli duk a kan tiram ɗin T1 take, wanda ke bi ta Eminonu, Sultanahmet, Beyazit, Laleli har Aksaray. Jakarka a gaba, hannunka a kan waya, don matsatsin cikinsa ba na wasa ba ne. Metrobus kuwa, dogayen bas masu titinsu na musamman, da safe ko yamma, kar ka soma da kaya a hannu, ƙafarka ma ba lallai ta taɓa ƙasa ba.

Abin da baƙi ba sa ganewa shi ne, a nan ruwan shi ne titi. Za ka ga mutum zaune cikin mota a kan gada yana cin gumi a gosulo, alhali jirgin ruwa na tsallakawa daga Eminonu zuwa Kadikoy cikin kamar minti 20. Ka zauna a waje, mai shayi ya kawo maka a ɗan kofin gilashi, tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafke gutsuren burodin simit da yara ke jefa musu, hasumiyoyin masallatai na ja da baya. Ranar da na fara hawa tsoro ya hana ni sakin ƙarfen benci, yanzu ni ke nuna wa wasu Turkawan ƙauye tashar da za su sauka. Amma ranar da hazo ya rufe ko iskar lodos, mai ƙarfi daga kudu maso yamma, ta taso, ana soke jirage. Nan sai ka gangara Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ruwan tun 2013, daga Sirkeci zuwa Uskudar minti huɗu.

Kar taswirar waya ta ruɗe ka, abin da ta ce tafiyar minti goma ce sau da yawa hawan tudu ne mai sa numfashi sama-sama. Ka zo da takalmi mai daɗin tafiya. Fasfonka kuma kar ya rabu da jikinka, 'yan sanda na tsayar da baƙi a wajen Aksaray.

In ka ajiye kaya a masauki ka huta, ka hau jirgin Uskudar daga Eminonu bayan la'asar, ka turo mini saƙo kana shiga. Zan tsaya a bakin tashar. Ka sa rigar sanyi, iskar kan ruwa ba ta san baƙo ba.