Daga Landan zuwa Rigasa: abin da ke hana mu riskar jana'iza

Malam, ka yi tambaya daga Kaduna, ka ce tunda Landan zuwa Abuja awa shida ce a jirgi, me ke hana Hausawan Ingila zuwa jana'izar iyayensu, ko dai mun zama Turawa ne. Maganar ta sosa mana rai, amma zo mu yi lissafin tare.

Daga filin jirgin Heathrow zuwa na Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 4,770 ne, kuma jirgin da ba ya ya da zango yakan ci su cikin awa shida da 'yan mintoci. Wannan zaman cikin jirgi ne kawai. Jirgin British Airways mai zuwa Abuja da daddare yake tashi, ya sauka da asuba. A ce an yi rasuwa a Tudun Wada da hantsi, waya ta sami mutum a wurin aiki. Kafin ya rufe jaka an sallaci gawa, an kai ta makwanci. Haka addini ya koyar, kuma babu ɗayanmu da zai ce a ajiye mahaifinsa a firjin asibiti don a jira shi.

In ya dace da kujera a daren, sai ya isa Heathrow awa uku kafin tashi. A Abuja layin duba fasfo da jiran kaya sukan ci awa guda ko fiye. Saura Kaduna, kusan kilomita 190. Jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa awa biyu ne da wani abu, in an sami tikiti kuma lokacinsa ya dace da saukarka. A mota awa uku, wani lokaci fiye, gwargwadon halin hanya. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida ana maganar awa 15 ko 16.

In kujera ta ƙare, sai a bi ta Istanbul, Alƙahira, Doha ko Addis Ababa, tafiyar ta koma awa 12 zuwa 20 saboda jiran canjin jirgi. Lokacin hunturu hazo kan jinkirta sauka. A watan Agustan 2023 da Nijar ta rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa zagaye. Mai zuwa tarbar baƙo kuma ya tuna cewa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai muke.

Akan ce wanda ya auri 'yar Ingila, matar ce ke riƙe shi. Galibi takarda ce. Ita da yaron da fasfon Birtaniya kaɗai yake da shi sai sun nemi biza, biza kuwa ba ta fitowa tsakanin azahar da isha'i. Shi ya sa za ka ga miji ya iso ta'aziyya shi kaɗai.

A nan muna taruwa gidan wanda aka yi wa rasuwa, a yi salatul ga'ib ko addu'a, mata su kawo abinci, a haɗa kuɗin tikiti in hali ya yi ƙaranci. Da Hausa ake gaisuwar, har yaran da aka haifa a nan sun san su durƙusa su ce Allah ya jiƙan rai.

Idan kuma za mu dawo kuka ga mun ajiye kilishi da man shanu, mun ɗauki kuka da daddawa da yaji, kada a ce raini ne. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi ake ƙwace su.