Dalilin ɓacewar wasu shirye-shiryen The Goon Show

Malam, ka tambayi abin da ya sa ba ka samun shirye-shiryen farko na The Goon Show, wasan barkwancin da rediyon BBC ya gabatar daga 1951 zuwa 1960. Gaskiyar magana ita ce yawancinsu sun salwanta. A wancan zamani faifan naɗar murya yana da tsada, ma'aikatan gidan kuma ba su ɗauki barkwanci a matsayin abin adanawa ba, saboda haka galibi ba a ajiye shiri bayan an watsa shi.

Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun tsira ne albarkacin kofen da BBC ta riƙa aika wa gidajen rediyon ƙasashen waje, ko da yake an datse wasu barkwancin da aka ga baƙi ba za su fahimta ba.

Shawarata ka fara da shirye-shiryen 1954 zuwa gaba, lokacin da alƙalamin Spike Milligan, babban marubucin wasan, ya nuna sosai, ɗan wasa Peter Sellers kuma yana sauya murya daga ta tsohon soja Bloodnok zuwa ta yaro Bluebottle cikin numfashi guda. Tashar Radio 4 Extra ta BBC tana maimaita su.