Roka mai 1.6 a wurin mai 1.5: me ke canzawa a injin?

Tambayar yaron gareji: "Oga, na ga an rubuta 1.6 a jikin wasu rokoki, an ce idan aka sa su a injin da ya zo da 1.5 ƙarfinsa zai ƙaru ba sai an taɓa kamshaf ba. Haka ne? Kuma me lambar take nufi?"

Haka ne, amma da sharaɗi. Ɗauko roka ɗaya, wato ƙarfen da ke lilo a saman injin yana buɗe bawul, ka duba. Wuri uku ne ke aiki a jikinta: ramin da fushrod (sandar da kamshaf ke turowa sama) ke zama, tsakiyar da take juyawa a kai, da bakin da ke danna kan bawul. Auna daga tsakiya zuwa bakin bawul, ka raba da abin da ka samu daga tsakiya zuwa ramin fushrod. Amsar ita ce lambar. A ce ɓangaren bawul milimita 36 ne, na fushrod 24, ka ga 1.5 ke nan. Mai ƙera roka ba shi da ikon matsar da bawul ko ƙusar da rokar ke hawa, don haka ramin fushrod yake jawowa ciki. Ya dawo da shi 22.5, ta zama 1.6. Milimita ɗaya da rabi ne kawai bambancin, shi ya sa ido ba ya raba su a kan tebur.

Duk abin da tozon kam (tudun da ke jikin kamshaf) ya ɗaga, roka ninka shi take yi. Tozo mai milimita 7.6 da roka 1.5 zai buɗe bawul 11.4, da 1.6 zai kai kusan 12.2. Ƙaramin V8 na Chevrolet da 1.5 ya fito, 302 na Ford da 1.6, babban V8 na Chevrolet da yawancin injinan LS na kamfanin GM kuwa 1.7. A Amurka ne aka fi yin wannan canji, domin can ake ƙera rokokin sayarwa iri-iri.

Ba a ƙololuwa kaɗai ƙarin yake ba. Lokacin da bawul ke barin mazauninsa da lokacin da yake komawa kusan ba sa canzawa, kam ne ke yanke su. Amma a kowane digiri tsakanin nan, bawul ya fi buɗewa da kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma ya fi saurin kaiwa inda iska ke wucewa sosai. Ribar ke nan: silinda ta fi cika idan aka ba injin wuta. A sulo da ƙaramin gudu ba za ka ji wani abin kirki ba. Kuma idan hanyoyin iska na tof silinda sun riga sun ƙure, ko kafireta da salansa sun shaƙe injin, ko ka buɗe bawul har ina iskar ba za ta ƙaru ba, kuɗin mai mota kawai ka kashe.

Sai ɓangaren da masu sayarwa ba sa faɗi. Roka kamar ƙarfen cire taya ce da aka riƙe ta gajeren gefe: nisa take ba ka, ƙarfi take ci. Sifirin bawul da ke turo kilo 120 idan bawul ya buɗe, fushrod da tafet (ƙarfen da ke tsakaninsa da kam) da tozon kam kilo 180 suke ɗauka da 1.5. Da 1.6 ya zama 192, tun ba a lissafa ƙarin matsewar sifirin ɗin ba. Siririn fushrod sai ya riƙa lanƙwasa, tozo ya ci da wuri, ƙusar roka da aka buga ta bugawa ba mai zare ba ta fara zarewa daga tof. Tsohon sifirin da ya gaji kuma ba zai iya dawo da bawul mai wannan sauri ba. A babban gudu bawul zai bar bin kam, injin ya riƙa sarewa, wani lokaci fistan ya same shi.

Saboda haka ba a ɗaurawa a tayar. Sa roka biyu a silinda ɗaya, ka juya injin da hannu har bawul ya kai ƙarshen buɗewa. Zura fila geji tsakanin zoben sifirin: jimlar sararin da ya rage kada ta gaza milimita 1.5. Idan zoben suka haɗe, wani abu sai ya karye, yawanci fushrod ne ko rokar kanta. Haka ƙasan hular sifirin da robar sandar bawul, a bar musu aƙalla 1.5. Leƙa ramin da fushrod ke ratsawa a tof, domin yanzu ya karkata wajen ƙusa. In yana goga, a faɗaɗa ramin. Duba kuma tsagar ƙasan rokar, kada ƙarshenta ya daki ƙusa.

Na fistan ne ya fi son haƙuri. Mutane suna zaton haɗarin yana lokacin da bawul ya gama buɗewa, alhali a lokacin fistan yana can ƙasa. Inda suke kusantar juna shi ne ƙarshen fitar hayaƙi, wajen digiri 10 kafin fistan ya kai sama ga bawul na hayaƙi, da wajen 10 bayan ya wuce ga na shiga. Manna laka mai laushi irin ta wasan yara a kan fistan, shafa wa bawul mai don kada ta like, ɗaura tof da tsohon gasket, juya zagaye biyu, buɗe, ka yanka lakar ka auna kaurinta. Na shiga ya zama aƙalla milimita 2, na hayaƙi 2.5, domin shi ne ke ƙara tsawo da zafi. Idan tafet mai aiki da mai ne, sa daskararre lokacin gwajin, in ba haka ba zai nitse ya yi maka ƙarya.

Sai duba inda roka ke dannawa: shafa tawadar alƙalamin maka a kan sandar bawul, ɗaura roka, juya injin, cire roka. Siririn layi kusa da tsakiya kake son gani. Mai faɗi ko wanda ya gangara gefe yana nufin tsawon fushrod bai dace ba, kuma zai cinye hanyar bawul har injin ya fara shan mai yana hayaƙi. Kada ka yarda da lambar da aka buga ma: rokokin kamfani na matsattsen ƙarfe sau da yawa ba sa cika 1.5 ɗin. Agogon awo a kan hular sifirin ne zai gaya maka gaskiya.

Gibin tafet shi ma ninkuwa yake yi, tunda a bakin bawul ake auna shi. Inda littafi ya ce 0.30 da roka 1.5, da 1.6 sai 0.32.

A garejinmu, inda ka fi haɗuwa da wannan magana shi ne injinan fushrod irin Fijo 504 da babur samfurin CG125, kuma ba ta ƙarin ƙarfi ba, ta kuskure. A tsinto roka a kasuwar gwanjo mai kama da ta asali a sa, ko a goge bakin wadda ta ci a dutse har wurin dannawa ya matsa. A mota irin 504, silinda ɗaya sai ta riƙa numfashi daban da sauran, a yi ta canza fulogi ana wanke kafireta. Kafin ka karɓi roka, jera ta da tsohuwar a kan sanda ɗaya ka auna hannuwan biyu.