Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Fiyufar Ƙwaro Mai Guntun Fiffike

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan dangin ƙwari guda, wato Staphylinidae, masu dogon jiki da guntun murfin fiffike wanda ba ya rufe ciki. Masanin ƙwari ɗan Faransa, Latreille, shi ya raɗa wa dangin suna a 1802, kuma zuwa yau an bayyana iri sama da 60,000 a ƙananan dangogi fiye da 30. Tambayoyin sun fi karkata ga fiyufa, matakin da tsutsa ke daina ci ta kwanta kafin ta fito a cikakken ƙwaro.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina nazarin ƙwarin da ke cikin kashin shanu. A wani garke kusa da Mai'adua na tono fiyufa iri biyu, wata fara mai laushi, wata ja-ja mai tauri. A wurin kuma akwai ƙananan ƙwari masu ɗaga wutsiya kamar kunama. Wace ce tasu? Daga wata ɗaliba, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yana yiwuwa duka biyun nasu ne, domin dangin nan ba fiyufa iri ɗaya yake yi ba. Ki samo gilashin ƙara girma mai ninki 10, ki kwantar da fiyufar rigingine, ki fara da duba ƙafafu.

In ƙafafu da ƙahonni da fikafikai a sake suke, har kina iya ɗaga ƙafa da bakin allura, jikin kuma fari ne ko ruwan madara mai laushi, wannan ita ce sakakkiya, wadda littattafai ke kira exarata. Yawancin dangin haka suke. Oxytelinae, su Oxytelus da Platystethus da Anotylus da ke cika kashin shanu, sakakku ne. Haka Paederinae da Aleocharinae da Steninae.

In kuwa gaɓoɓin sun liƙe da jiki, fata ta yi tauri, launi ya tashi daga rawaya zuwa ja mai duhu, wannan liƙaƙƙiya ce, obtecta. A dangin nan liƙaƙƙiya alama ce ta ƙaramin dangin Staphylininae, inda Philonthus da Quedius da Staphylinus da Creophilus suke. Ja-ja mai taurin da kika samu a kashin shanu ta fi kama da Philonthus ko makusantansa, don su ne mafarautan tsutsar ƙuda a irin wannan wuri. Wannan bambanci yana da nauyi wajen rarrabewa, saboda mafi yawan ƙwari masu murfin fiffike sakakkiya suke yi, liƙaƙƙiyar kuwa ba ta da yawa a cikinsu.

Daga nan sai aikin maikuroskof. A liƙaƙƙiyar fiyufa kai yana sunkuye ƙwarai, ya shige ƙarƙashin ƙirji, ta yadda in kin kalle ta ta baya ba kai za ki fara gani ba, allon wuya ne. A gefen gaba na wannan allo Philonthus na da jerin dogayen tsinkaye masu kama da gashi. Ki ƙirga na dama daban, na hagu daban, ki rubuta, domin adadinsu yana bambanta daga iri zuwa iri, wani lokaci ma gefe biyu na fiyufa ɗaya ba sa daidaita. Quedius ba shi da wannan jeri, sai gajerun ƙayoyi a gefunan ciki. Sannan ki koma cikin: waɗanne gaɓoɓi ne ke da tsinke a gefe, kuma tsinken ya kai tsawon gaɓarsa ko bai kai ba? Ki lura inda ƙaho ya tsaya idan an gwada da ƙafar tsakiya, da gaɓar cikin da ƙafar baya ta kai. Ƙofofin numfashi na gaɓa ta 1 zuwa ta 4 buɗaɗɗu ne, sun ɗan tasa, na 5 zuwa na 8 kuwa sun shafe, ba sa aiki. A gaɓar ƙarshe ta ƙasa ake gane jinsi: mace na da ƴan tsiro biyu, namiji ɗaya. Bernard Staniec da abokan aikinsa a Lublin ta ƙasar Folan sun bayyana fiyufar ire-iren Turai da dama da waɗannan alamomi.

Shawararmu, kada ki ɗauki jerin alamomin tantance iri da aka tsara don ƙwarin Turai ki liƙa wa fiyufar Daura sunan iri. Siffar fiyufa za ta kai ki ƙaramin dangi, wani lokaci ta kai ki jinsin da ya ƙunshi ire-ire. Sunan iri sai kin reni wasu har sun ƙyanƙyashe, an duba babban ƙwaron.

TAMBAYA: Malamai, ina noman masara a bakin dam ɗin Ajiwa. In ina kaftu ina ganin jajayen abubuwa a ƙasa, ina murƙushe su don na ɗauka na tsutsar masara ne. Kada ya zama ina kashe masu amfani? Daga wani manomi, Batagarawa.

AMSA: Alhaji, wannan tambaya ta yi kyau, kuma rarrabewar ba wuya. Fiyufar tsutsar da ke cin kan masara tana kwance a zurfin santimita 2 zuwa 8, tsawonta milimita 14 zuwa 18, kewayayya ce sumul, fikafikanta sun rufe fiye da rabin jiki ta ƙasa. In ka taɓa ta za ta kaɗa gindi. Wannan ka murƙushe, ko ka bar wa kaji.

Ta mai guntun fiffike yawanci ba ta kai haka ba, da yawa ba sa wuce santimita guda. Cikinta a ɗan shimfiɗe yake, kai a sunkuye, ana ganin shacin manyan muƙamuƙai, kuma ko ka taɓa ta da wuya ta motsa. Ita ka mayar ka rufe da ƙasa mai laima. Uwarta da tsutsarta duka mafarauta ne, suna cin ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Akwai ta uku, launin ƙasa-ƙasa, mai santsi, babu alamar ƙafa ko fiffike ko kaɗan. Wannan kwanson ƙuda ne, fiyufar tana ciki.

TAMBAYA: Na tara kwanson ƙuda daga ƙarƙashin takin kaji na sa a kwalba. Maimakon ƙuda sai wani siririn baƙin ƙwaro ya fito daga wasu. Yaya aka yi? Daga wani mai kiwon kaji, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Malam, da alama Aleochara ka samu, wani ɗan dangin nan, kuma ka yi sa'a. Macen tana yin ƙwai a ƙasa kusa da taki. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana da kuzari, takan yi yawo har ta sami kwanson ƙuda, ta huda ɗan rami ta shiga, ta toshe ramin a bayanta. A ciki take cinye fiyufar ƙudan tana sauya fata. Wasu ire-iren, irin su Aleochara bilineata da aka yi nazari sosai a Turai da Kanada kan ƙudan saiwar kabeji, a cikin kwanson suke zama fiyufa. Wasu kuma sukan fito su shiga ƙasa su saƙa gidan siliki su kwanta. Ko a ina ta kwanta, fiyufar fara ce sakakkiya, kwanson na aro ne.

Ramin fita zai gaya maka wanda ya fito. Ƙuda yana ɓalle kan kwanson ne ya tashi a murfi. Ƙananan zanzaro masu cin fiyufar ƙuda suna barin kewayayyen rami. Aleochara yana gaigayar hanya, bakin ramin ba ya daidaita. In ka ga irin wannan da yawa, ka daina fesa maganin ƙwari a kan tulin takin kansa, domin yana kashe waɗannan masu taimako, ƙuda kuwa ya fi su saurin dawowa. Gara ka toshe yoyon mazubin ruwa takin ya bushe.

Saƙar gida ba ta Aleochara kaɗai ba ce. Dalotia coriaria, ɗan ƙwaro mai milimita 3 zuwa 4 da ake sayar wa masu rumfunan kayan lambu a ƙasashen waje, yana haɗa siliki da ƙwayoyin ƙasa. Stenus, mai manyan idanu da ke bakin ruwa, shi ma yana saƙa nasa. Don haka mai rairayar ƙasa ya kula da ƴan dunƙulen da ba sa farfashewa, ya buɗe su da allura.

TAMBAYA: Kowace damina wani ƙwaro mai ja da baƙi yana ƙona mana fata a ɗakin kwanan ɗalibai. Ina yake hayayyafa, kuma fiyufarsa ma tana ƙuna? Daga wani ɗalibi, Dutsin-ma.

AMSA: Wannan Paederus ne: milimita 7 zuwa 10, kai baƙi, ƙirji ruwan lemo, murfin fiffike shuɗi ko kore mai ƙyalli, ƙarshen ciki baƙi. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba mai suna federin tana cikin ruwan jikinsa, sai an murƙushe shi a kan fata take fita, ƙunar kuma ba ta bayyana sai bayan yini ɗaya ko biyu, shi ya sa mutum kan rasa dalili. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin mace su ke haɗa gubar, ita kuma ta zuba ta cikin ƙwai. Saboda haka tsutsa da fiyufa na iya ɗauke da ita. Kada a taɓa su da yatsa, a sa buroshi mai laushi.

Ba a cikin ɗaki yake hayayyafa ba. Ƙasa mai laima yake so: fadama, gonar shinkafa, bakin ruwa irin na dam ɗin Zobe. Tsutsarsa matakai biyu take yi, alhali yawancin dangin uku suke yi. Sannan ta haƙa ɗan ɗaki a ƙasa ta zama sakakkiyar fiyufa, fara mai dogayen tsinkaye waɗanda ke ɗaga ta daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idanu ne ke fara yin duhu, sai muƙamuƙai, kuma a zafi irin namu cikin ƴan kwanaki ta ƙyanƙyashe. Fesa magani a ɗaki ba zai taɓa fiyufar da ke fadama ba, kuma a gona ƙwaron nan mai amfani ne, yana cin ƙwarin shinkafa.

Hasken lantarki ke jawo shi. A sa raga a taga, a kashe fitilar kusa da gado, a kwana cikin gidan sauro. In ya sauka a jiki a hure shi. In an riga an murƙushe, a wanke wurin da sabulu da ruwa nan take, kada hannu ya kai ido. Kada a shafa kananzir ko man goge baki. In ƙunar ta yi faɗi ko ta shafi ido, a je asibiti. Kuma kada a haɗa shi da hangara mai cin furen gero: ita dangin Meloidae ce, gubarta daban.

TAMBAYA: Duk fiyufar da na ajiye sai ta yi fumfuna ko ta bushe, waɗanda na sa a sifirit kuma sun yi baƙi. Ina kuskuren? Daga wani malamin kimiyyar halittu, Katsina.

AMSA: Malam, matsalolin biyu ne daban. Wajen reno, ka haɗa garin filastar silin kashi 9 da garin gawayi kashi 1, ka kwaɓa da ruwa, ka zuba kaurin santimita guda a gindin ƙaramar roba, ka bari ya bushe sarai. Sannan ka ɗiga masa ruwa har ya yi duhu amma ba ya ƙyalli. In ruwa ya kwanta ko gumi ya taru a murfi, laima ta yi yawa, fumfuna za ta biyo. In filastar ta yi fari-fari ta bushe, a lokacin hunturu kuwa wannan kan faru cikin yini guda. Ka huda murfin da allura, ka ajiye a inuwa, a wuri mafi sanyi a ɗaki.

Kowace roba fiyufa ɗaya. Da yawa daga tsutsotsin dangin nan suna cin juna, babban da ya riga fitowa ma zai ci fiyufar da ke kusa. Kada ka sa ɗanyen kashin shanu a ciki, yana zuwa da fumfuna da ƙananan ƙwari dangin kaska. Wadda ke cikin gidan siliki a bar ta a ciki. Sakakkiya ta fi saurin mutuwa, fatarta ba ta riƙe ruwa, matsi kaɗan kuma yana sa ƙwaro ya fito da karkataccen fiffike.

Busasshiyar fatar tsutsa da ke maƙale a gindin fiyufa kada ka yar. Ƙafar tsutsar mai guntun fiffike farce ɗaya gare ta, ta Carabidae kuwa, wani dangin ƙwarin ƙasa daban, yawanci biyu, kuma fiyufar Carabidae ita ma fara ce sakakkiya a ɗakin ƙasa, sau da yawa fatar nan ce za ta raba gardama. Ƙwaron da ya fito ka ba shi kwana biyu ko uku ya yi tauri launinsa ya zauna, in ba haka ba zai yamutse kuma launin zai ɓatar da mai dubawa.

Baƙin da kake gani a sifirit kuwa, jikin ne ke ruɓewa daga ciki kafin sifirit ya ratsa. Ka tafasa ruwa ka sauke, ka jefa fiyufar minti ɗaya, ka tsame, sannan ka sa a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Bayan kwana ɗaya ka sauya itanol ɗin, don ruwan jiki ya riga ya tsarma na farko. In za a yi gwajin ƙwayoyin gado, ka tsallake ruwan zafi ka sa kai tsaye a mai kashi 95. Fiyufa da fatar tsutsa da babban da ya fito su ɗauki lamba ɗaya, a rubuta wuri da kwanan wata da abin da aka tono ta ciki da fensir a guntuwar takarda, a jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro tana narkewa a itanol.