Su waye ke koyar da yara ninkaya a kulob ɗin unguwa?

Yar'uwa kin tambaya ko masu horar da yara ninkaya a irin ƙananan kulob ɗin nan ƙwararru ne ko dai kawai wanda ya iya shiga ruwa ne aka ɗauko. Gaskiya a gauraye suke. Yawanci tsofaffin 'yan wasan ninkaya ne da suka yi gasa a sakandare ko jami'a, wasu malaman motsa jiki ne, wasu kuma da aikin ceto a bakin ruwa suka fara, kai har iyaye ana samu suna taimakawa kyauta.

Amma ni dai kofin da koci ya taɓa ci bai dame ni ba, don wani gwani ne a ruwa amma ba shi da haƙurin da zai tsaya da yaro ɗan shekara 7 yana nuna masa yadda zai juya kai ya ja numfashi, sai tsawa. Ki tambaya ki ga satifiket ɗinsa na ceto da na CPR, wato danna ƙirji da hura numfashi, sannan ko kulob ɗin ya binciki halinsa kafin ya ba shi yara. Kuma ki je ki zauna ran atisaye ki ƙirga yara nawa yake riƙewa shi kaɗai.