Amsoshin Tambayoyinku: Kwas ɗin 'yata yana da amincewar wucin gadi

Tambaya: Malam, 'yata ta samu gurbin karatun aikin jinya a wata jami'a mai zaman kanta. Na biya rabin kuɗi, sai wani maƙwabcina ya ce kwas ɗin amincewar wucin gadi kawai yake da ita. Amma ai jami'ar tana da lasisin gwamnati. In janye ta ne? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Alhaji, lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ba jami'a izinin buɗewa, sannan ta riƙa tura farfesoshi daga wasu jami'o'i su duba kowane kwas shi kaɗai: malamai nawa ne, masu digirin digirgir nawa, ɗakin gwaji, laburare, har takardun jarrabawar da aka yi. Kwas ɗin da ya ci maki 70 cikin 100, kuma bai gaza a manyan sassa ba, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 shi ne na wucin gadi, a ba shi shekara 2 ya gyara. Ƙasa da haka, a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai.

Saboda haka wucin gadi ba hukuncin kisa ba ne, kada ka yi gaggawar janye ta. Abin da ya fi damuna shi ne wanda maƙwabcin naka bai ambata ba: Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma. Ita ke yi wa ɗaliban jinya rajista, tana kuma ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta ɗauka. In jami'a ta kwashi fiye da ƙima, yarinya na iya gama karatu ta rasa damar rubuta jarrabawar lasisi.

Ka je da ƙafarka. Ni na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka aro na'urori da motar haya ana gobe masu tantancewa za su zo, suna tafiya aka mayar da su. Ka roƙi a nuna maka ɗakin gwaji ranar da ba a sa ran baƙi, ka tambayi 'yan aji 3 ko an yi musu rajista da majalisar. Sannan ka nemi ganin wasiƙar NUC, ka duba shekarar da aka rubuta ta, domin in ta haura shekara 2 masu tantancewa ba su dawo ba, akwai magana. Sauran rabin kuɗin nan, riƙe shi tukuna.